Mai Ruwa: Daga Ganuwar Haɗejiya Zuwa Hancin Jirgin Jamus

Tarihinmu na wannan makon na wata bindiga ce da kakanninmu suka raɗa wa suna tun kafin su ga jirgin sama da idonsu.

A watan Afrilun 1906 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta tunkari Haɗejiya. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza a cikin gari har zuwa fada, kuma a nan ya rasu tare da jama'arsa masu yawa. Shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Cikin makaman da Turawa suka zo da su akwai igwa, akwai kuma bindigar Maxim, wadda Hausawa suka kira mai ruwa.

Sunan ba na banza ba ne. Hiram Maxim ya ƙera ta a 1884, da dabarar cewa naushin da bindiga ke yi da baya idan an harba, shi zai tofar da kwanson harsashi ya ɗura sabo. Harsasai na jere a ɗamarar ƙyalle mai cin 250, kuma tana iya aman kusan 600 a minti guda. Irin wannan wuta na iya lalata bututun, don haka aka saka shi cikin wani tulun ƙarfe mai cin ruwa kamar lita 4. Idan harbi ya yi tsanani ruwan na tafasa har tururi ya tashi. Wanda ya ce mata mai ruwa ya lura da abin da ke riƙe da ranta.

Jamusawa ma sun ƙera tasu a kan wannan tsari, suka kira ta MG 08, ana yin ta a masana'antar makamai ta Spandau da ke Balin. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai aka so ɗora bindiga a jirgin sama. Wuri mafi dacewa shi ne hanci, daidai idon matuƙi, domin ya auna da jirgin gaba ɗaya, hannunsa kuma ya kai gare ta idan ta cije. Amma a nan farfela take juyawa, ga ta ta katako.

Wani matuƙin Faransa, Roland Garros, ya liƙa ƙarafa a bayan farfelarsa don su kauce da harsashin da ya same ta. A Afrilun 1915 jirginsa ya faɗa hannun Jamusawa. Kamfanin Anthony Fokker, ɗan ƙasar Holan mai ƙera musu jirage, ya bi wata hanyar: aka sa wani faifai mai ƙusumbi da ke juyawa tare da inji. Duk zagaye ƙusumbin zai tura sandar ƙarfe, sandar ta taɓa kunamar bindiga a daidai lokacin da farfela ta kauce. Matuƙi dai ya danna, amma inji ne ke zaɓar lokacin fitar harsashi. Ranar 1 ga Yulin 1915 Kurt Wintgens ya harbo jirgin Faransa da wannan tsari.

Sauran matsala ita ce nauyi. Sai suka zubar da ruwan, suka huda tulun da ramuka birjik don iskar gudu ta riƙa sanyaya bututu. Daga nan aka samu LMG 08, sannan LMG 08/15. Shekara tara bayan yaƙin Haɗejiya, mai ruwa ta hau sama ba ruwa.

Wanda ke son sassaƙa ƙaramin samfurin jiragen nan, ko da kara da kwali ne irin na yaran unguwa, ga abin lura. Fokker E.III na 1915 bindiga ɗaya gare shi a kan murfin inji. Daga Albatros D.I na 1916 zuwa Fokker Dr.I mai fukafukai hawa uku da D.VII na 1918, biyu ne kafaɗa da kafaɗa. Tulun dole ya zama hujajje, ana hango siririn bututu a ciki. Idan ka yi shi a toshe, bindigar sojan ƙasa ka ɗora. Ɗamarar harsashi tana hawowa daga akwati a cikin jirgi, ta shiga ta dama, fankon ƙyallen ya fita ta hagu. Gindin bindigar kuma yana kusa da fuskar matuƙi.

Haka ma mai rubuta labarin 1906: mai ruwa ba a saɓa ta a kafaɗa. A kan ƙafafu ake girke ta, wani na harbi, wani na miƙa ɗamara, 'yan dako na ɗauke da akwatuna da ruwa. Abin da mahayan Haɗejiya suka fuskanta da takobi da mashi ke nan, kuma sun san da shi suka tsaya.

Allah Ya jiƙan magabata. Sai mako mai zuwa.