Ruwan Kromiyam da Shari'ar da Ya Haifar a Amurka

Har tsakiyar shekarun 1920, ƙarafan ado na motocin Amurka ruwan nikel ake shafa musu. Yana ƙyalli, amma ba ya jimawa yake dusashewa, mai mota ya yi ta goga. Masu sana'ar sun san kromiyam ya fi ƙarko. Damuwarsu ita ce rashin tabbas: a tsoma ƙarfe cikin kwamin asid, a saki lantarki, yau ya fito fes kamar madubi, gobe ya fito toka-toka ko ya ƙi kamawa sam.

A 1920 George Sargent ya wallafa bincikensa kan wannan aiki, amma masana'antu ba su samu abin dogaro ba. Sai a 1926 Colin Fink na Jami'ar Columbia ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira. Abin da ya gano ɗan ƙarami ne a ido: dole a tsare ma'aunin salfet a cikin kwamin, kusan kashi 1 ga kowane kashi 100 na asid ɗin kromiyam. Da an kiyaye wannan, aiki ya zauna.

Kamfanin United Chromium ya riƙe takardar, ya maka kamfanin International Silver a kotu. Hujjar waɗanda ake ƙara ba ta banza ba ce. Asid sananne ne, salfet sananne ne, to ina sabon abu? Tun 1851, a shari'ar Hotchkiss da Greenwood, Kotun Ƙoli ta soke takardar wani mai yin mariƙin ƙofa na tangaran maimakon ƙarfe ko katako, domin kowane gwanin maƙeri zai iya tunanin haka.

A 1932 Alƙali Learned Hand ya ba Fink gaskiya, kuma hukuncin ya yi daidai. Bayan an ga amsa kowa cewa yake ai a fili take. In da a fili take, me ya hana ƙwararru da dama da suka shafe shekaru a bakin kwamin su gano ta?

Takardar ba ta daɗe ba. A shari'ar United Chromium da General Motors ta 1936 kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta, domin an nuna wani masani, Marvin Udy, ya riga Fink kaiwa ga hanyar.

Tambayar ko ƙirƙira a fili take kuwa ta ci gaba da wahalar da alƙalai, har majalisa ta rubuta ta cikin dokar 1952, sashe na 103: ba a ba da takarda kan abin da mai matsakaicin gwaninta a sana'ar zai hango da kansa. A 1966, a shari'ar Graham da John Deere, Kotun Ƙoli ta amince a duba ko an daɗe ana neman mafitar, da ko wasu sun gwada sun kasa.