Filin hukuma da bashin hukuma a ƙasar Safana

Duk wanda ya yi aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma a yammacin Katsina ya sha jin wannan tambaya daga bakin sabon ciyaman: "Ma'aji, ga filaye muna da su, ga kasuwa, ga tasha. Me zai hana mu jinginar da su, mu karɓo kuɗi mu biya tsofaffin basussuka?" Amsar tana da tsawo, tushenta kuma ya girmi ciyaman da ma'ajin duka.

A Katsina aka fara kafa baitulmalin En'e, zamanin Sarki Dikko, kafin sauran masarautun Arewa su ɗauka. Haraji da jangali ne ke cika shi, kuma ƙasar Yariman Katsina da ta Sarkin Ruma, masu kewaye da dajin Rugu, ba baya ba ne wajen shanu. Tsofaffin malaman baitulmali da muka tarar ba su san wani abu wai shi rancen banki ba. Abin da suka sani shi ne ajiya: a tara, a yi kasafi, a ware rara. Ko rijiya za a haƙa, sai kuɗin sun kwanta tukuna.

Gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, ya ɗora su kan kaso daga tarayya. A 1979 Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna. Talaka ya huta, wannan gaskiya ne, amma daga ranar ma'aji ya koma mai jiran ƙarshen wata.

Tsakanin waɗannan biyu Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta zo, ita ce kuma ke ba ciyaman amsarsa. Ƙasar jiha duka amana ce a hannun gwamna. Ƙaramar hukuma na iya ba mutum izinin riƙe fili a karkara, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, amma jinginar da fili mai takardar mallaka sai da amincewar gwamna. Ko an samu amincewar, wane manajan banki ne zai zo Runka ya sa kwaɗo a kasuwa, ya yi gwanjon rumfunan masu tsire da 'yan koli? Wa ma zai saya? Shi ya sa banki ba ya kallon filin. Abin da yake so takarda ce mai sa hannu, wadda ta ce a cire kuɗinsa daga tushe, tun kason bai iso ba.

To yaya ake juya bashin? Na ga an yi a wata ƙaramar hukuma, ba sau ɗaya ba. Ɗan kwangila ya gina jerin shaguna a bakin kasuwa, an biya shi kafin alƙalami, sauran ya zama sai wata-wata. Fayil ɗin ya yi shekaru a durowa, gefensa har gara ta taɓa. Da ya matsa, aka zauna aka ce: riƙe shagunan ka karɓi haya shekara kaza, sannan ka miƙo. Bashin kuɗi ya koma bashin lokaci. Wani lokaci kuma fuloti ake yanka wa mai bin bashi, nan ne ɓarna ta fi yawa, domin filin da aka yanka daga burtali ko makiyaya ba ya dawowa, rigimarsa kuma 'ya'ya ke gado.

Babban juyin bashi na gaske a sama aka yi shi. A 2015, da farashin mai ya faɗi albashi ya gagara, Ofishin Kula da Basussuka ya karɓi rancen bankuna na jihohi 23, sama da naira biliyan 570, ya mayar da shi takardun lamuni na tarayya masu wa'adin shekara 20. Abin da jiha ke biya duk wata ya ragu ƙwarai, shekarun biya suka miƙe. Babban Banki ya ƙara da rancen biyan albashi a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari. Ba a jinginar da ko taku ɗaya na fili ba. Kaso ne ya tsaya wa kowa.

Hayar shago kuwa tana biyan bashi ne in kasuwa na ci. A 2021, da gwamnatin Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Safana, Batsari, Ɗanmusa da maƙwabtansu saboda 'yan bindiga, masu yanka rasit suka riƙa dawowa da littafi kusan yadda suka fita da shi. Duk yarjejeniyar da aka gina kan kuɗin kara ta tsaya cak.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa ba. In hukuncin ya zauna da gindinsa, bankuna za su fara zuwa sakatariya da kansu, da fom a hannu. Ciyaman mai wa'adin 'yan shekaru zai iya sa hannu kan cirewar da za ta bi magadansa uku ko huɗu, alhali majalisar kansiloli ce ke tsakaninsa da alƙalamin, kuma ba kasafai ake samun kansilan da ya iya lissafin kuɗin ruwa ba.