Daga Gobarau Zuwa Gadar Ƙofar Ƙwaya: Tarihin Birnin Katsina a Jikin Gine-ginensa

Mu mutanen yammacin Katsina hanya biyu muka sani ta shiga birni. Na Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, ta Ƙofar 'Yanɗaka suke faɗawa. Na Safana kuwa, ƙasar Yarima, galibi sukan biyo titin Dutsin-ma su ɓullo ta Ƙofar Ƙwaya. Waɗannan hanyoyi biyu kowace da irin tarihin da take nuna wa mai lura, kuma abin da ya sa muka kawo zancen a wannan mujalla shi ne, yawancin marubutanmu suna bin su dare da rana, amma da wuya ka ga ginin Katsina na haƙiƙa a cikin littattafansu. Sai dai ka ji "wani katafaren gida mai hawa biyu", wanda ba shi da unguwa, ba shi da magini, ba shi da shekarar da aka aza harsashinsa.

Idan muka fara da tsofaffin, hasumiyar Gobarau ita ce uwa. Masana tarihi suna danganta ta da ƙarni na 15, zamanin da Musulunci ya zauna da gindinsa a fadar Muhammadu Korau, tsawonta kuma ya kai ƙafa 50, duk da ƙasa da azara. Ganuwar da ta kewaye birnin da ƙofofinta, irin su Guga da Sauri da Durɓi da Marusa da Ƙaura, ana jingina ƙarfafa ta ga Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16. Ta Ƙofar 'Yanɗaka ɗin nan tamu ce Lugga ya shiga Katsina a 1903.

To amma a ganinmu ginin da ya fi cancantar marubuci ya tsaya a kansa shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina. Yau muna kiranta kayan tarihi, gidan adana kayayyakin gargajiya ma aka mayar da ita, alhali a ranar da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, babu ginin zamani a birnin da ya kai ta. Abin lura shi ne da me aka gina ta. Ba a jira siminti daga Ikko ba. Maginan gari aka sa, da tubalinsu da azararsu da bakan-gizon da suka gada, suka fitar da ɗakunan karatu masu faɗi da tagogi, wato abin da kakanninsu ba su taɓa buƙata ba. Tsarin na Bature ne, hannun na Bahaushe. A cikin waɗannan ɗakuna na ƙasa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, haka ma Abubakar Imam, wanda yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Ke nan ƙagaggen labarin Hausa na boko, wanda dukkanmu muke ci a ƙarƙashinsa, yana da soro guda da za a iya nunawa da yatsa. A 1938 aka kwashe kwalejin zuwa Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. Ginin ya tsaya, kuma sanyin da ke cikinsa a tsakiyar bazara ya isa ya kunyata ofisoshi da yawa na bulo da kwano.

Babban juyi ya zo ne ranar 23 ga Satumba, 1987, da gwamnatin Janar Babangida ta yanke jihar Katsina daga Kaduna. Birnin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana hedikwatar sarauta ya wayi gari hedikwatar gwamnati, ga ma'aikata sun dawo gida da iyalansu, ga buƙatar sakatariya da gidaje da tituna masu tagwayen hannu. Daga nan gini ya tsallake ganuwa. Wanda ya taho daga Safana shi ya fi kowa ganin wannan, domin kafin ya kai ƙofa sai ya wuce jami'ar jiha da aka kafa a 2006, wadda ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman, da jami'ar Alƙalam. A wani ɓangaren kuma ga filin wasa na Karkanda da aka kammala zamanin Gwamna Shema, aka sa masa sunan Muhammadu Dikko. Sa'annan a 2023 aka buɗe gadojin ƙarƙashin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya. Inda a da ake tsayawa a gaida sarkin ƙofa, yanzu mota kan nutse ta wuce ba ta sani ba.

Ba mu ce kada a yi gini ba, kuma ba Katsina kaɗai ta sha wannan gardama ba. A birnin Faris na Faransa, marubuta da masu zane, cikinsu har da Guy de Maupassant, sun sa hannu a takardar ƙin amincewa da hasumiyar Eiffel a 1887; aka gama ta a 1889, ta zama tambarin garin. Bayan kusan shekara ɗari aka sake wata rigimar a kan dalar gilashi da aka dasa a tsakar gidan tsohuwar fadar Louvre. Bambancin kawai, can ba a rushe fadar don a dasa gilashin ba, kuma marubutansu sun yi magana tun ana haƙa harsashi. Mu a nan ganuwa ta narke a gabanmu, wani wurin ruwa ya ci, wani wurin an ɗebi ƙasar an yi tubali, wani wurin an yanka fuloti, ƙofofin da aka sabunta kuma da siminti aka sabunta su.

Wannan ya fi yi mana zafi mu na bakin dajin Rugu. A shekarun da 'yan bindiga suka tsananta wa ƙauyukan Batsari da Safana, jama'armu da yawa sun shiga birni ne da tabarmi a ka, suna neman abin da aka gina ganuwa dominsa tun farko, suka tarar da kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, a nan wasu suka rakuɓe. Su ma waɗannan kangayen gine-ginen zamani ne na Katsina, ko da yake ba a sa su a kalanda.

Ga mai cewa ƙasa ta gama yayi, sai ya tsallaka Nijar. A garin Yama, ƙasar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a da tubalin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa hasumiyoyi, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini a 1986, shekara guda kafin a ba mu jiha.