Yadda Layin Gaggawa Ya Samo Asali a Filayen Jiragen Saman Amurka

Kafin 1973, matafiyi a Amurka yakan hau jirgin sama ba tare da kowa ya buɗe masa jaka ba. Fashin jirage ne ya kawo ƙarshen wannan sauƙi. Tsakanin 1968 da 1972 an karkatar da jirage fiye da 130, da yawa zuwa Kuba, har ta kai a Nuwamban 1972 wasu 'yan fashi suka yi barazanar afka wa cibiyar nukiliya ta Oak Ridge da jirgin da suka ƙwace. Daga Janairun 1973 aka wajabta binciken kowane fasinja da kayan hannunsa. Mai son sanin ko layin gaggawa ya cancanci kuɗinsa sai ya faro daga nan, domin abin da ake sayarwa a wannan layi rangwame ne daga nauyin da aka yi ta jibga wa matafiya, kuma darajarsa tana hawa da sauka ne gwargwadon wahalar layin gama-gari.

Nauyin kuwa ba rana ɗaya ya taru ba. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, gwamnati ta karɓe binciken daga hannun kamfanoni ta kafa hukumar TSA a Nuwamban shekarar. Wata guda bayan haka Richard Reid ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a takalminsa, a jirgin da ya taso daga Faris zuwa Miami. A 2006 cire takalmi ya zama dole, kuma bayan an bankaɗo, a Ingila, wani shirin kai hari, aka hana shiga da kwalbar ruwa ko turare da ta wuce mililita 100. Yunƙurin Umar Faruk Abdulmutallab ranar Kirsimetin 2009 ya yaɗa na'urorin haska jiki, ya kuma jefa Nijeriya cikin jerin ƙasashe 14 da aka tsananta wa matafiyansu bincike a farkon 2010. Kowane hari ya bar dokarsa, ba kasafai ake janye ta baya ba. Sakamakon shi ne dattijo tsaye da safa, bel a hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wando, kwamfutarsa da agogonsa suna tafiya cikin farantin roba.

Daga wannan cunkoso aka fitar da Global Entry a 2008 don masu shigowa daga ƙetare, sannan TSA PreCheck, wato layin gaggawa, a Oktoban 2011 ƙarƙashin shugaban hukumar, John Pistole. Hujjarsa ita ce ɓata lokaci ne a ɗauki kowa da kowa a matsayin barazana iri ɗaya. A ƙarshen 2013 aka buɗe rajistar PreCheck ga jama'a: dala 85 na shekara biyar, a ɗauki hoton yatsunka, a binciki tarihinka, sai ka wuce da takalminka a ƙafa, kwamfutarka a jaka. Dala 17 ke nan a shekara a wancan lokacin. Ga mai tashi duk wata, wannan ciniki ne da ba ya buƙatar dogon lissafi. Ga mai tashi sau ɗaya a shekara ribar ƙanƙanuwa ce, mai fasfon Nijeriya ko Nijar kawai kuwa, wanda ba shi da takardar zaman dindindin a Amurka, ba ya ma cikin waɗanda ake karɓa.

Masu suka suna da maganganu biyu masu nauyi. Ta farko, cewa an raba 'yan ƙasa gida biyu a gaban hukumar da harajinsu duka ke riƙe da ita. Ta biyu, cewa tsabtar tarihi ba ta nuna abin da ke zuciya, kuma a 2014 an bar wata da aka taɓa ɗaurewa kan ta'addancin cikin gida ta bi layin gaggawa. Sai dai ita ba rajista ta yi ba. Tsarin da ke tura wasu fasinjoji layin ba tare da cikakken tantancewa ba ne ya shigar da ita, abin da ke nuna cewa tantancewar ce ginshiƙin shirin. Mai rajista ma ba ya tsallake bincike, jakarsa tana bi ta na'ura kamar ta kowa. Zancen rarrabewa kuwa ya fi dacewa da Clear, kamfanin 'yan kasuwa da ya fara a Orlando a 2005, ya durƙushe a 2009, aka farfaɗo da shi daga baya. Shi yana kai mutum gaban layi ne a kan kuɗin shekara da ya ninka na PreCheck sau da yawa, ba ya rage wa jami'ai aikin bincike, kuma a ganina kare shi ya fi wuya.

A Yulin 2025 aka soke dokar cire takalmi ga kowa, mai rajista da marar rajista. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka biya kuɗi dominsu ya zama kyauta, kuma sababbin na'urori suna ba da damar barin kwamfuta a jaka a filaye da dama. Yanzu abin da ya rage wa PreCheck mafi yawa shi ne gajartar layi, wadda ita ma takan ragu duk lokacin da masu rajista suka ƙaru.