Lauyan Tambuwal da Kujerar Kakakin Majalisa

Wanda ya tashi daga Jega ya nufi Sakkwato, da zarar ya wuce Aliero da rumbunan albasarta, ba da jimawa ba zai shiga ƙasar Tambuwal. Ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ya raba Aliero da Tambuwal a takarda, amma kasuwa da auratayya suna nan. A garin Tambuwal aka haifi Aminu Waziri Tambuwal ranar 10 ga Janairu, 1966.

Ya kammala karatun lauya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1991, ya zama cikakken lauya a 1992. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, sai ya zama mataimaki na musamman ga Sanata Abdullahi Wali kan harkokin majalisa. A ganina nan ne ainihin makarantarsa, domin tun bai samu kujera ba ya laƙanci dokokin zaure. A 2003 mutanen Kebbe da Tambuwal suka tura shi Majalisar Wakilai a ƙarƙashin ANPP, kafin daga baya ya koma PDP.

A 2011 jam'iyyar PDP ta keɓe wa Kudu maso Yamma muƙamin Kakaki, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola. Amma sashe na 50 na kundin tsarin mulki 'yan majalisa ya ba ikon zaɓen shugabansu daga cikinsu, bai ambaci jam'iyya ba. A kan wannan Tambuwal ya tsaya, ya jawo 'yan adawa, ranar 6 ga Yuni ya samu ƙuri'a 252, ita kuma 90.

Shekara uku bayan haka aka yi ta ta ƙare. Ranar 28 ga Oktoba, 2014, ya bari sai ƙarshen zama sannan ya sanar da komawarsa APC, majalisa kuma ta ɗage zama zuwa Disamba. Sufeto Janar na 'yan sanda, Suleiman Abba, ya janye masa masu tsaro, yana kafa hujja da sashe na 68, wanda ya ce mai sauya sheƙa ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyarsa ta rabu. To, wa ke da hurumin cewa ta rabu ko ba ta rabu ba? Aikin kotu ne, ba na ɗan sanda ba, kuma a nan gaskiya tana wajen Tambuwal.

Ranar 20 ga Nuwamba aka kira zaman gaggawa kan tsawaita dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa. 'Yan sanda suka garƙame ƙofar majalisa, suka harba barkonon tsohuwa. Sai ga manyan mutane sun tattare babbar riga suna haura ƙofar ƙarfe, wasu kuma suka kewaye Kakakin suka shigar da shi. Tsige shi yana buƙatar kashi biyu cikin uku na wakilai, ba a kuwa same su ba.

Yana kan kujerar ya ci zaɓen gwamnan Sakkwato a 2015. Bayan shekara takwas ya koma Abuja a 2023, a matsayin Sanatan Sakkwato ta Kudu.