Labarin Cefane A Shekarar Korona

Duk yaron da aka taɓa miƙa wa kwano aka ce ya ruga ya auno gero ya san abin da ake kira cefane. Aiki ne da ba a ɗauke shi a bakin kome ba, don kullum yinsa ake yi, masu rubuta tarihi kuwa sun fi son labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Amma mu a ganinmu, wanda ke so ya san iyakar inda wata masifa ta taɓa talakawa, to, ya bar ƙofar fada ya tafi kasuwa, ya tambayi kuɗin mudu. Saboda haka yau za mu ba ku labari, ku 'yan makaranta, na yadda cefane ya kasance cikin shekarar 2020, sa'ad da annobar nan da ake kira Korona ta game duniya.

Bari mu ɗan waiwaya baya tukuna, don abin da za mu faɗi ya fi fita sosai. Cikin watan Satumba na 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Ikko, ya sauke mutane masu fama da wata irin mura mai zafi. Daga nan cutar ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta kogi har ta iso ƙasar Hausa, aka sa mata suna Marisuwa. Masana sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, alhali kuwa jama'ar ƙasar duka a lokacin wajen miliyan 18 ne. Ta zo daidai da kaka, ta kuwa fi kayar da majiya ƙarfi, watau masu riƙe da fartanya da lauje. Wani malamin tarihi, Don Ohadike, ya nuna yadda a ƙasar Ibo mutane da yawa suka koma ga noman rogo bayan wannan annoba, domin doya tana bukatar aikin ƙarfi, masu yinsa kuwa sun ƙaranta. Kun ga wannan rashi ne na ainihi, abincin ne ya yi kaɗan don hannun da zai noma shi ya kwanta.

To, na 2020 ba haka ya zo ba. Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin Disamba 2019, ran 11 ga Maris 2020 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa ta zama annobar duniya duka. Rumbuna cike suke, injuna suna aiki, shanu suna ba da nono kamar kullum. Duk da haka sai ga mutane sun shiga manyan kantunan Landan da na Niyok sun tarar da kantoci wayam, sai ka ce an share da tsintsiya.

Abin da ya fara ɓacewa shi ne zai ba ku dariya, watau takardar da Turawa ke tsarki da ita a bayan gida. Mu da buta ta ishe mu, da muka ji labari sai muka riƙe baki. Amma can abin bai zama na wasa ba. A Hong Kong, cikin Fabrairu, 'yan fashi suka tare mai kai kaya da wuƙa suka kwashe naɗi wajen 600 na wannan takarda. A Ostareliya, farkon Maris, kantunan Woolworths suka sa doka kada a sayar wa mutum guda fiye da ƙunshi 4, har wata jarida ta garin Darwin ta fito da shafi 8 babu rubutu, wai don masu karatunta su yi amfani da su in ta ɓaci. Bayan takarda sai sabulu, da man tsabtace hannu, da taliya, da ƙwai, da fulawa.

Me ya kawo haka? Da fari dai tsoro. Ku ɗauki allo ku buga wannan lissafi. A ce unguwa mai gida 100, kowane gida yana sayen sabulu guda a mako, mai kanti kuwa ya saba ajiye 120. Ran da aka ji za a hana fita, sai kowane maigida ya ce bari ya ƙara guda don ko-ta-kwana. Ba wanda ya yi haɗama a cikinsu, amma kafin a kai kan gida na 61 sabulu ya ƙare. Na 61 ɗin nan kuwa zai fita yana cewa babu sabulu a gari, wanda ya ji shi gobe uku zai nema. Manyan kantunan Turai kuma sun daɗe da barin al'adar tara kaya a ɗakin ajiya, kullum mota ke kawo musu gwargwadon cinikin yini, don haka ɗan ƙari kaɗan ya isa ya tona asirinsu.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi, shi muke so ku riƙe. Kowane kaya yana da hanyar da yake bi daga mai yinsa zuwa mai cinsa, hanyoyin nan kuwa ba sa shiga juna da sauƙi. Ku dubi fulawa a Ingila. Wajen kashi 4 cikin ɗari kaɗai na fulawar ƙasar ake ƙullawa cikin ƙananan jakunkunan takarda don kantuna, saura duka gidajen burodi da masana'antu ke kwasa cikin manyan buhuna da motocin tanki. Da aka kulle mutane a gida ran 23 ga Maris, sai kowa ya tashi gasa burodinsa da kansa. Masu niƙa suka yi ta aiki dare da rana, fulawa ga ta nan tuli, amma injin ƙulla ƙaramar jaka bai iya wuce iyakarsa ba. A Amurka kuwa, cikin Afrilu, masu kiwon shanu suka riƙa tuttular da madara a ƙasa, domin makarantu da gidajen sayar da abinci da suka saba saye an rufe su, alhali a birane ga mutane sun yi dogon layi suna jiran abincin sadaka.

Yanzu sai mu komo gida, inda abin ya fi shafarmu. Ran 27 ga Fabrairu aka sami mutum na fari mai cutar a Nijeriya, wani Bature ɗan Italiya da ya sauka a Ikko. Ƙarshen Maris Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa dokar zaman gida a Ikko da Abuja da Ogun, aka rufe makarantu ko'ina. Hausawa suka sa wa dokar suna kulle, mata kuwa suka samu abin yi wa maza ba'a, suna cewa yau dai ku ma kun ɗanɗana. A Kano an tabbatar da mutum na fari ran 11 ga Afrilu, daren 16 ga wata aka rufe gari na kwana 7. Ran 24 aka ɗauki azumi. Ran 27 Shugaban Ƙasa ya ƙara wa Kano mako biyu cur.

A nan sai ku lura da bambanci. Baturen Landan yana da albashi, yana da firiji, damuwarsa ita ce ya je kanti bai sami abin da yake so ba. Mutumin Kano kuwa kaya na nan jibge a Dawanau da Singa, abin da ya rasa shi ne hanyar zuwa da kuɗin saye. Yawancin jama'armu hannu baka hannu ƙwarya suke. Ɗan dako, da ɗan garuwa, da mai shayi, da mai A Daidaita Sahu, sai sun fita da safe kāna a ɗora tukunya da yamma. Matar da ke cikin gida tana soya ƙosai ko dafa ɗanwake, ita ma jarinta ya tsaya, don babu yarinyar da za ta fita talla. In ka ce wa irin waɗannan su sayi abincin mako guda su ajiye, kamar ka ce wa gurgu ya yi tsalle ne. Wanda ma ke da ɗan hali, ina zai ajiye tumatir da nama cikin zafin bazara, ga wutar lantarki ba ta zama? Ga kuma azumi, lokacin da ko matalauci ke so ya ga kunu da ƙosai da ɗan sukari in an sha ruwa.

Farkon watan Mayu Gwamna Abdullahi Ganduje ya ba da izinin fita ran Litinin da ran Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Wanda ya ga kasuwa cikin waɗannan ranaku ba zai manta ba. Cefanen da gari ya saba yi cikin kwana bakwai aka matse shi cikin sa'a goma sha biyu, mutane suka yi ta turereniya kafaɗa da kafaɗa, ga layi a bakin banki ya miƙe har titi. Mu dai ba mu ga hikimar wannan ba, gama cunkoson da aka rufe gari dominsa shi aka tara wuri guda aka ninka. Dabarar da aka yi a Kaduna da Ikko ta fi kama hankali, inda aka mai da filayen waɗansu makarantu ƙananan kasuwannin unguwa, don kowa ya yi cefane kusa da gidansa. Watakila a cikinku akwai wanda aka kasa albasa a filin da yake buga ƙwallo.

Mai awo kuwa ya san yau ce kaɗai ranarka, saboda haka ciniki ya mutu, abin da ya faɗa shi ne kuɗi. Aka yi ta zargin manyan 'yan kasuwa da ɓoye kaya. Lalle ba a rasa masu wannan hali, amma ba daidai ba ne a ɗora musu laifin duka. Tun Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafar waje ta riga ta yi tsada kafin cuta ta zo. Cikin Maris 2020 kuɗin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, Gwamnati ta rage darajar Naira, aka koma 360 a dala guda a farashin hukuma, duk abin da ake shigowa da shi ta teku ya tashi. Sa'an nan aka hana tafiya tsakanin jihohi. A takarda an ce motocin abinci su wuce, amma a kan hanya shinge ya yi yawa, direbobi suka yi ta kukan jinkiri da na goro. Hatsi yana jure jira, kayan gwari ba sa jurewa. Sai ya zama tumatir yana ruɓewa a hannun manomin rani a nan Arewa, mai miya a Kudu kuwa tana sayensa da tsada. Ashe madarar Amurka da tumatirinmu ciwonsu ɗaya.

Waɗansu kaya kuma jita-jita ce ta tashe su. Da aka ce citta da tafarnuwa da lemun tsami suna maganin cutar, sai kuɗinsu ya hau. Da Shugaban Amurka Donald Trump ya yabi maganin zazzaɓin nan kulorokwin, sai aka yi masa rubdugu a kantunan magani, har hukumar lafiya ta Ikko ta ba da labarin waɗanda suka sha fiye da kima aka kai su asibiti. Wuri guda ne muka ga rashi ya zama alheri, watau wajen takunkumin rufe baki da hanci. Na kanti ya yi wuya, teloli suka jawo ƙyallayen atamfa suka hau ɗinki, kafin wata guda ya wadata ko'ina da araha.

A unguwanni, abin da ya riƙe mutane da yawa shi ne mai ɗan kanti da ya riƙa miƙo kaya ta taga yana rubuta bashi, da maƙwabcin da ya aiko da kwanon tuwo ba a roƙe shi ba. Gwamnati ta ba da umurni a fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunanta, attajirai da bankuna kuma suka haɗa gudummawa mai yawa. Amma rabon ya yi nawa, gidaje da yawa ba su ga ko ƙwaya ba. Cikin Oktoba, bayan tarzomar da ta biyo zanga-zangar ƙin jinin 'yan sandan SARS, jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Ikko da Jos da Kaduna da Ilori da Kalaba, suka tarar da buhunan shinkafa da kwalayen taliya jibge, wata shida bayan kulle. Gwamnoni suka ce ana jiran lokacin rabo ne, waɗansu suka ce an ajiye ne don kada cutar ta komo. A Bukuru kusa da Jos har kan rufin ɗakin mutane suka hau suka ɓalle kwano.

Farkon Yuli aka buɗe hanyoyin jihohi, aka kuma ɗage kullen Kano, cikin Disamba aka buɗe iyakar Illela da ta Maigatari. Kantunan Turai sun cika tun kafin nan, takardarsu ta komo har ta yi kwantai. Mudunmu kuwa bai sauko ba. Bisa lissafin ofishin ƙididdiga na ƙasa, hauhawar kuɗin abinci a shekara ta kusa kashi 15 cikin ɗari a Maris 2020, a Disamba ta haura kashi 19, a Maris 2021 kuwa ta kusa kashi 23. Sai ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye sanarwar halin gaggawa da ta sa saboda Korona.