Mai Ɗaki da Yoyon Ɗakinsa: Tarihin Haƙƙin Majinyaci a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

A kakar shekarar da na shiga jami'a, ana tsakar cirar auduga, muka kai Baffana wani babban asibiti a birni, cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi rawaya. Bayan gwaje-gwaje likita ya janye mahaifina baranda, ya ce sankarar hanta ce, kuma ta yi nisa. Da muka koma ɗaki Baffa ya ce, "Yaya, me ya ce?" Mahaifina ya ce, "Ya ce a koma gida a ci gaba da shan magani." Na ji komai, amma na ja bakina. Tun daga ranar nake tambayar tarihi: a ƙasarmu, wane ne mai labarin cuta, majinyaci ko danginsa?

Kafin zuwan asibiti jinya a gida take. Wanzami ya yi ƙaho, malam ya ba da rubutu, mai magani ya kawo sassaƙe. Mai ciwon ajali ba ya rasa mutane: ga masu dubiya, ga mai juya shi, ga mai laƙanta masa kalmar shahada. Sai dai sunan cutar ba a faɗarsa a gabansa, don tausayi da kunya da gudun shiga hurumin Allah. Masanin nan Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya yi rubutu a 1981 kan yadda mutanen yankin ba su cika neman sanin asalin cuta ko tushen magani ba. Rashin sani a wurinmu ba koyaushe jahilci ba ne, wani lokaci sutura ce.

Asibiti ya zo da wata manufa daban. Na Malumfashi ya taɓa zama cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da na Zariya da Kaduna. A shekarun 1970 kuma masana daga jami'ar da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka yi dogon bincike a yankin kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Duk waɗannan cututtuka ne da ake warkarwa. Wanda tasa ba ta warkuwa, sai a ce a gwada na gida. Gida bai faɗa masa gaskiya ba, asibiti bai rage masa raɗaɗi ba.

A wasu ƙasashen ne aka fara toshe wannan giɓi. A 1967 Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan, kan aƙidar cewa wanda ba zai warke ba yana da haƙƙin a sassauta masa ciwo, a kuma saurare shi. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin raɗaɗin sankara, na ƙarshensu irin su mofin. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kai wannan jinya Yuganda a 1993, da ruwan mofin mai araha da ake sha a gida. A nan gida, Farfesa Olaitan Soyannwo na cikin waɗanda suka dasa ta a asibitin koyarwa na Ibadan.

Doka ma ta biyo baya. Gwajin maganin Trovan kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya sa ƙasa ta tambayi ma'anar neman yardar majinyaci. A 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai hankali na da ikon ƙin magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake ji, sai fa in akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa faɗar za ta cutar da shi. A 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata a Abuja. Ya halatta mutum ya ce bai son ji, a gaya wa ɗan'uwansa, amma shi ne zai zaɓa.

Haƙƙi kuwa tare da nauyi yake tafiya. Wajibi ne majinyaci ya faɗa wa likita jiƙe-jiƙen da yake sha, ya bi ƙa'idar magani, ya killace mai ƙarfi daga hannun matasa. Addini ya ɗora masa mafi girma: biyan bashi, mayar da amana, wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba, da neman gafara. A ƙasar noma irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jinginar gona da bashin taki da iyakar fili galibi a ka suke, ba a takarda ba. Ta yaya mutum zai sauke nauyin tafiyar da aka ɓoye masa?

Baffa bai ga damina ba. Mun sayar da shanun huɗarsa muna bin masu magani, shi kuwa yana kwana nishi. Akwai gonar da ya karɓa jingina, ba wanda ya san nawa ya bayar; har yau gaisuwa kawai ke tsakaninmu da maƙwabtan da muka tashi tare. Wani dare ya kira ni ya ce, "Ɗan boko, me likita ya ce?" Na ce, "Baffa, sauƙi na nan tafe." Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ga bango. Jiki magayi, ina jin ya sani. Abin da yake nema shi ne wanda zai buɗe masa ƙofar magana. Kakanninmu sun bar mana zama kusa da majinyaci, doka ta ƙara mana faɗa masa gaskiya. Daren nan na riƙe na farko, na saki na biyu. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe mini.